Awon Jin Magani: Yadda Ake Gwada Ƙwayar Cuta a Ɗakin Gwaje-gwaje

Idan Bahaushe ya ce ciwo ya ƙi jin magani, ƙorafi yake yi, amma a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti maganar tambaya ce da ake amsa ta da rula. Ana ɗauko ƙwayar bakteriyar da ta kwantar da majiyyaci, a shuka ta a faranti, a jera mata magunguna a kai, a bar ta ta kwana cikin ɗumi, da safe a duba wane magani ne ya hana ta tsirowa, kuma har ina ya kore ta. Kayan aikin ba su da wani kwarjini: faranti, ruwan gishiri, tsinken auduga da 'yan faya-fayan takarda masu faɗin milimita 6. Wannan sauƙi ne yake yaudarar mutane har su ɗauka aikin na kowa ne. Abin da nake son nunawa shi ne gwajin nan awo ne, kamar awon hatsi, kuma darajarsa duka tana ga mudun. Mai awon da mudunsa ya lotsa ba sai ya yi niyyar cuta ba kafin ya tauye mai saye. Haka ma'aikacin da ya yi sakaci da kaurin farantinsa ko yawan ƙwayar da ya shuka, zai miƙa wa likita takarda mai tambari da sa hannu, alhali abin da ke cikinta shaci-faɗi ne. Irin wannan takarda ta fi rashin gwaji haɗari, don likitan da ba shi da sakamako ya san lalube yake yi, yana sa ido a kan majiyyacinsa, shi kuwa wanda aka ba sakamakon bogi hankalinsa kwance yake.

Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina shan wannan asara, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san yadda ake sayen kafso a kemis ko a tiren mai talla, a sha biyu yau, a ajiye sauran da zarar jiki ya yi dama, ga kuma wanda ake zuba wa kaji a ruwan sha. Duk ƙwayar da ta tsira daga rabin magani irinta za ta haifa. Ido kuma ba ya rarrabe su. Escherichia coli mai jin siprofloksasin da wadda ba ta ji kamanninsu ɗaya a madubin likita, zafin fitsarin da suke sa wa mutum ma iri ɗaya ne. Sai an haɗa kowace da maganin gaba da gaba ake sanin halinta.

Dabarar ta girmi yawancin magungunan da ake gwadawa da ita. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a asibitin St Mary's na Landan a 1928, yakan yanka rami a abincin ƙwayoyin da ke faranti, ya zuba ruwan penisilin a ciki, ya ja layukan bakteriya iri-iri zuwa bakin ramin, ya ga wacce ta matso, wacce ta ja da baya. Bayan haka an ɗauki shekaru kowane ɗakin gwaji yana yin nasa salon, da nasa abincin da nasa faifan, har sakamakon wannan asibiti ba ya karantuwa a wancan. A 1966 ne Bauer da Kirby da Sherris da Turck na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka suka wallafa hanyar da ake kira Kirby-Bauer. Ba su zo da sabon kayan aiki ba, abin da suka yi shi ne ɗaure kowane mataki da ƙa'ida. Dalilin yana cikin abin da ke faruwa a farantin. Da zarar faifan ya taɓa danshi, maganin yana narkewa ya riƙa tsatsafowa ta kowane gefe, ƙarfinsa yana raguwa da nisa. A daidai wannan lokaci ƙwayoyin suna ta hayayyafa. Tsere ne tsakanin su biyun, kuma bakin filin da ake aunawa da safe shi ne inda suka yi kunnen doki. Duk abin da ya ƙara wa ɗaya sauri ko ya rage wa ɗayan zai canza faɗin filin, ko da halin ƙwayar bai canza ba. Yau hukumomi biyu ne suka fi shahara wajen tsara ƙa'idar, CLSI ta Amurka da EUCAST ta Turai. A zaɓi ɗaya a tsaya a kanta, domin hatta yawan maganin da ke cikin faifai ya bambanta: naitrofurantoyin maikrogiram 300 ne a tsarin CLSI, 100 a na EUCAST. Wanda ya sa faifan wannan ya karanta da teburin waccan ya auna gero da kwalbar mai.

Aikin yana farawa tun kafin samfur ya iso ɗakin gwaji, kuma a nan ake yawan ɓata shi. A ɗauki samfurin kafin majiyyaci ya fara shan magani idan da hali. Fitsari na tsakiya ake so, bayan na farko ya wanke hanya, a kai shi cikin awa 2 ko a sa a firji, don fitsarin da ya wuni a kan benci cikin zafi gonar ƙwayoyi ne. Gyambo kuma a wanke samansa tukuna a ɗauko daga ciki, in ba haka ba 'yan ci-rani da ke zaune a bakin miki za a kama, a bar mai laifin. Jinin babban mutum mililita 8 zuwa 10 ake zubawa a kowace kwalba, saboda ƙwayar taifot kaɗan ce ƙwarai a cikin jini. A nan ya kamata a tuna cewa gwajin Widal, wanda ake ta rubuta wa masu zazzaɓi, ba ya fito da ƙwayar, don haka babu abin da zai iya faɗa game da maganin da za ta ji. Bayan ƙwaya ta tsiro sai a ware ta ita kaɗai, a rina ta da rinin Gram, a bi ta da sauran gwaje-gwaje har a san sunanta. Ba a gwajin magani a kan cakuɗe, ba a kuma yinsa a kan wadda ba a san ko wace ce ba, domin teburin fassara da sunan ƙwaya yake tafiya.

Abincin da aka yarda da shi shi ne agar na Mueller-Hinton, wanda John Howard Mueller da Jane Hinton suka haɗa a 1941. An zaɓe shi ne don yawancin ƙwayoyi suna tsirowa a kansa, magani yana ratsa shi ba tare da cikas ba, kuma ba shi da yawan sinadaran da ke karya ƙarfin kotrimoksazol, wato Septrin. Ana auna garin yadda kamfanin ya rubuta a gwangwani, yawanci giram 38 a lita ɗaya ta ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a dafa a tukunyar tururi mai matsi a digiri 121 na minti 15, a bari ya huce zuwa digiri 45 ko 50, sannan a zuba a kan teburi mai daidaito. Kaurinsa milimita 4, wato kimanin mililita 25 a faranti mai faɗin milimita 90, tsaminsa kuma pH 7.2 zuwa 7.4. Wannan milimita 4 ita ce wurin da tsimi ke shigowa. Mai son gwangwani ɗaya ya yi masa faranti da yawa zai zuba shi siriri, maganin ya rasa zurfin da zai nutsa sai ya bazu gefe, filin ya buɗe, ƙwaya mai taurin kai ta fito da shaidar jin magani. In ya yi kauri da yawa kuma akasin haka ne, a zubar da magani mai amfani. Ƙwayoyi masu tsirfa, irin Streptococcus pneumoniae da ke cikin masu kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari, sai an ƙara musu jini kashi 5 cikin 100, na tunkiya a tsarin CLSI, na doki a na EUCAST. Ɗabi'ar ɗauko jinin mutum da ya wuce lokaci daga ma'ajiyar jini ba ta dace ba, don yana iya zuwa da ragowar magani ko garkuwar jikin mai shi, abin mamaki kuwa a ƙasar da ba a rasa tunkiya a kowace unguwa.

Mataki na gaba shi ne wanda na ɗauka ya fi kowanne raba gwani da ɗan koyo. Daga farantin da ya kwana, mai awa 18 zuwa 24, a tsinci tsibi 3 zuwa 5 masu kama ɗaya, a dama su a ruwan gishiri mai tsabta, kashi 0.85 cikin 100, har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5. Wannan ma'auni yana nufin ƙwaya miliyan 100 zuwa 200 a kowace mililita. Ana sayensa a haɗe, ana kuma iya haɗa shi da hannu: mililita 0.05 ta ruwan bariyam kulorayid mai ƙarfin kashi 1.175 a cikin mililita 9.95 ta asid na salfa mai ƙarfin kashi 1, a toshe kwalbar, a ajiye a duhu, a girgiza kafin kowane amfani. Sai a riƙe kwalaben biyu kafaɗa da kafaɗa a gaban farin kati mai baƙaƙen layuka cikin haske mai kyau, a ga ko layukan sun dusashe daidai wa daida. Wanda ya daɗe a aiki yakan ce idonsa ya saba, ba ya bukatar kati. Ai mai awon da ya shekara arba'in a kasuwa ma bai jefar da mudu ya koma tafin hannu ba. Idan ƙwayar ta yi yawa za ta riga maganin cika wuri, filin ya tsuke, in ta yi kaɗan filin ya yi faɗin ƙarya, kuma bambancin milimita biyu ko uku ya isa ya ɗauke sakamako daga wannan aji ya kai wancan.

Daga nan agogo ya fara aiki. EUCAST ta taƙaita shi da 15-15-15: a shuka ruwan cikin minti 15 da dama shi, a ɗora faya-fayai cikin minti 15 da shuka, a kai farantin akwatin ɗumi cikin minti 15 da ɗora su. Ana tsoma tsinken auduga, a matse shi a jikin kwalbar ya rage ruwa, a shafe fuskar farantin gaba ɗaya, a juya shi digiri 60 a sake shafewa, a sake juyawa a yi na uku, yadda gobe tsiron zai fito kamar shimfiɗar tabarma, babu gibi. Faya-fayan ana ɗora su da hantsaki mai tsabta, a ɗan danna kowanne ya zauna, kuma wanda ya riga ya taɓa agar ba a matsar da shi, don ya fara zubar da maganinsa nan take. Kada su wuce 6 a faranti na milimita 90. A nan ne zoben faya-fayai mai kawuna takwas ko goma, wanda ake sayarwa da rubutun na Gram fozitif da na Gram negatif, yake da matsala. Arha gare shi kuma yana da saurin sawa, amma filayen suna shiga juna har a rasa bakin da za a auna, wasu lokuta yawan maganin bai dace da na kowane teburi ba, wasu ma sunan kasuwa ne a kansu na magunguna biyu a haɗe waɗanda babu teburin da ya san da su. Su kansu faya-fayan suna mutuwa. Danshi ne babban maƙiyinsu, musamman dangin penisilin da imipenem da masu kilabulanet. A ajiye su a firji ko firiza cikin mazubi mai rufi tare da abin tsotse danshi, a fito da su awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe don kada raɓa ta sauka a kansu.

Ana kife farantan a akwatin ɗumi a digiri 35, awa 16 zuwa 18 a tsarin CLSI, 16 zuwa 20 a na EUCAST, kada kuma a tula su da yawa a kan juna don na tsakiya ba sa ɗumama da wuri. A wannan gaɓa yanayinmu yana da abin cewa. Yawancin akwatunan ɗumi dumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa. An ƙera su ne da tunanin ɗakin zai fi cikinsu sanyi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska yana iya fin 35 ɗin da ake nema, kuma zafin da ya haura haka yana iya ɓoye Staphylococcus aureus mai bijire wa metisilin. Da hunturu kuma, in wuta ta ɗauke tsakar dare, farantin zai yi sanyi, ƙwayar ta yi nawa, maganin ya ci gaba da tafiyarsa. Ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasan da aka kai cikin dare, da littafin da ake rubuta su kowace safiya, sun fi agogon da ke jikin ƙofar akwatin gaskiya.

Da safe, kafin a ɗauki rula, a dubi shimfiɗar tukuna. In tsibi-tsibi ne a warwatse, ƙwayar ta yi kaɗan, in ana ganin iri biyu, akwai gauraye, duka biyun sai a sake. Idan ta yi kyau, a riƙe farantin ta baya a saman baƙin abu, haske yana faɗowa daga sama, a auna faɗin filin daga baki zuwa baki ta tsakiyar faifan, a rubuta da milimita. Mai jini kuwa ta gaba ake karanta shi, an cire murfi. Akwai 'yan abubuwa da sai an koya wa ido. Proteus tana da halin malala, takan aiko siririn mayafi cikin filin, ba a kula shi. Kotrimoksazol yakan bar ɗan hazo-hazo a ciki, a auna daga inda tsiron ya yi kauri sosai. Amma tsibi sosai a tsakiyar fili magana ce, ko dai gauraye ne ko wani ɓangare na ƙwayar ya bijire, sai an tsince shi an sake shukawa.

Lambar da aka samu ba ta da ma'ana sai an kai ta teburi, inda za ta faɗa ɗaya daga aji uku: S, ƙwayar tana jin maganin, R, ta bijire, sai I a tsakani, wadda EUCAST tun 2019 take fassarawa da cewa maganin zai yi aiki in an ƙara yawansa ko kuma yana taruwa sosai a inda ciwon yake. Wannan ya kawo mu ga al'adar da ta zama ruwan dare a takardun sakamako, ta rubuta alamar tarawa ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon girman fili, likita ko mai kemis ya zaɓi mai uku a matsayin mafi ƙarfi. Kuskure ne daga tushe. Faɗin fili ya dogara da nauyin ƙwayar sinadarin da saurin ratsawarsa da yawan da aka sa a faifai, don haka ba a gwama filin wani magani da na wani. A teburin CLSI, E. coli mai filin milimita 20 a naitrofurantoyin tana jin magani, domin iyakar 17 ce. Wannan milimita 20 ɗin a siprofloksasin bijirewa ce, domin sai ta kai 26 ake cewa tana ji, 21 zuwa ƙasa kuwa R ce. Mai rubuta alamar tarawa zai ba su biyun maki ɗaya. Teburin ma yana tsufa: kafin 2019 iyakar siprofloksasin ɗin 21 ce, aka ɗaga ta bayan an ga marasa lafiya ba sa warkewa yadda tsohuwar lambar ta yi alkawari. Ɗakin gwajin da har yanzu yake aiki da fotokwafin da aka manna a bango shekaru goma da suka wuce yana ba wa ƙwayoyi shaidar da aka riga aka soke.

Sanin sunan ƙwaya yana kuma kare mutum daga ƙaryar faranti. Klebsiella da halittarta ba ta jin ampisilin, Proteus ba ta jin naitrofurantoyin, Enterococcus ba ta jin dangin sefalosporin, duk wanda ya ga akasin haka ya binciki aikinsa. Salmonella, dangin ƙwayar taifot, takan nuna fili mai kyau a jentamaisin, amma ƙwayar tana ɓuya cikin ƙwayoyin halittar jiki inda maganin ba ya isa, don haka ba a rubuta shi. Don gane ko siprofloksasin zai ci taifot, faifan pefloksasin mai maikrogiram 5 ake sawa, ƙasa da milimita 24 alamar bijirewa ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin yadda taifot mai bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ya ɓarke a lardin Sindh na Pakistan tun 2016. Staphylococcus aureus da sefoksitin mai maikrogiram 30 ake tona asirinta: ƙasa da milimita 22, ita ce MRSA, wato mai bijire wa metisilin, kuma kusan duk dangin penisilin da sefalosporin sun faɗi tare, komai faɗin filin da suka nuna. In ta bijire wa eritromaisin amma ta nuna tana jin kilindamaisin, a kusanto da faya-fayan biyu, idan filin kilindamaisin ya baje ta gefen maƙwabcinsa ya zama kamar harafin D, maganin zai ci amanar majiyyaci ana tsakiyar jinya. Haka ake kama ƙwayoyi masu sinadarin ESBL da ke karya magani, ta gwada sefotaksim shi kaɗai da kuma haɗe da kilabulanet: in haɗin ya ƙara faɗi da milimita 5 ko fiye, an kama ta.

Akwai inda faifai ba ya isa sam. Kolistin sinadari ne mai nauyi da ba ya tafiya a cikin agar, bankomaisin ma faifansa ba ya rarrabe Staphylococcus mai ji da wadda ta fara taurarewa. A nan sai an nemo mafi ƙarancin maganin da ke hana tsiro, abin da ake taƙaitawa da MIC. Ana jera ƙananan ramuka da ruwan abinci, kowane rami maganinsa rabin na gabansa, 16, 8, 4, 2, 1, a zuba ƙwaya daidai wa daida, a kwana, ramin da ya fi ƙarancin magani cikin waɗanda suka zauna garau shi ne amsar. Akwai kuma siririn tsinke mai ɗauke da magani daga kaɗan zuwa mai yawa, irin Etest, da ake kwantarwa a faranti a karanta lamba inda tsiron ya taɓa shi. Ɗakin da ba shi da waɗannan ya tura ƙwayar gaba, ya fi masa mutunci da ya rubuta abin da bai auna ba.

Za a ce duk wannan ƙa'ida ta masu wuta awa 24 ce, wanda ke fama da janareta da kasafi kaɗan ya yi abin da ya samu, ai da babu gara ba daɗi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don faifai ɗaiɗai sun fi zobe tsada, firji kuma sai da wuta. Amma a duba abin da ƙa'idar take nema a zahiri: silinda ta auna mililita 25, kati mai layuka, agogo, rula, ma'aunin zafi, da teburin EUCAST da ake saukewa kyauta a intanet. Mafi yawansu kulawa suke ci, ba kuɗi ba. Wanda ya fi tsada shi ne ƙwayoyin shaida, wato waɗanda duniya ta san halinsu, irin E. coli ATCC 25922 da Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853 da S. aureus ATCC 25923. Ana gwada su kamar na majiyyaci, kullum ko mako-mako, da kuma duk lokacin da aka buɗe sabon gwangwanin agar ko sabon ƙunshin faifai. Jentamaisin mai maikrogiram 10 dole ya ba E. coli ɗin nan fili tsakanin milimita 19 da 26. In ya fita daga nan, wani abu ya lalace, faifai ko agar ko zafi ko hannu, kuma ba a sakin sakamakon wannan magani sai an gano shi. Ƙwayoyin shaidar su ne mudun hukuma da ake gwada na 'yan kasuwa da shi. Karin maganar da babu gara ba daɗi tana aiki a kan tuwo, amma sakamakon da ya ce S a inda gaskiyar R ce yana sa iyali su sayi allurar kwana bakwai da ba za ta yi komai ba, ciwon yana ci. Gara magani 5 da aka auna daidai da 10 da aka yi wa kallon ido.

Ƙorafi na biyu na likitoci ne, cewa gwajin yana cin kwana biyu zuwa uku, yaron da jininsa ya gurɓace kuwa ba zai jira ba. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a jira. Ana ɗaukar samfur, a fara magani nan take bisa zato mafi ƙarfi, sakamako ya zo ya gyara ko ya tabbatar, ya kuma ba da damar sauka daga babban magani zuwa ƙarami. Sai dai shi wannan zato daga ina yake samun ƙarfinsa? Daga sakamakon waɗanda aka gwada a baya. Idan ɗakin gwaji yana tara sakamakonsa, ƙwaya ta farko daga kowane majiyyaci, aƙalla 30 daga kowane iri, a ƙarshen shekara zai iya gaya wa likitocin asibitin kashi nawa na E. coli ɗinsu ke jin kowane magani. Manhajar WHONET kyauta ce kuma don wannan aka yi ta. Irin waɗannan alƙaluma ne suke haurawa zuwa tsarin sa ido na GLASS da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2015, wanda a Najeriya hukumar NCDC ke tattara wa bayanai. Kuskuren faranti ɗaya ke nan ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, yana shiga lissafin da za a yi wa na gobe magani da shi.

Wasu kuma sukan ce sun sha ganin takarda ta ce R majiyyaci ya warke, ta ce S ya mutu, to ina amfanin? Masana sun daɗe da sanin haka, har Rex da Pfaller suka ba shi suna a 2002, ƙa'idar 90 da 60: ciwon da ƙwayarsa ke jin magani yana warkewa kusan sau 90 cikin 100, wanda ta bijire kuwa kusan sau 60. Faranti ba shi da garkuwar jiki, ba shi da ƙoda ko hanta, bai san akwai mugunyar da ke bukatar a tsaga ba, bai san ko maganin da aka sayo jabu ne ba. Tambaya ɗaya yake amsawa. Amma tazarar da ke tsakanin 90 da 60 mutum 30 ne cikin kowane 100, kuma ba na jin akwai likitan da zai yar da ita don ba ta kai 100 ba. Na'urori irin VITEK 2 suna rage awanni, GeneXpert yana gano tarin fuka mai bijire wa rifampisin cikin kimanin awa 2, kuma inda aka same su alheri ne. Sai dai na'urar farko ma da ruwan McFarland ake ciyar da ita, in an ba ta gauraye gauraye za ta karanta, ta biyun kuma abin da aka koya mata nema kaɗai take gani.

Takardar da za ta fita ta ɗauki sunan ƙwayar, irin samfurin, tsarin da aka bi da shekarar teburinsa, sannan S ko I ko R a gaban kowane magani da sunansa na asali. Ba duk abin da aka gwada ake rubutawa ba. Idan ciwon mafitsara ne kuma naitrofurantoyin yana ci, babu dalilin nuna meropenem a takardar, don abin da ido ya gani hannu yana rubutawa, shi kuwa meropenem na ranar da sauran suka gaza ne. Naitrofurantoyin ɗin kansa ba a rubuta shi ga ƙwayar da aka samu a jini, tunda a fitsari kawai yake taruwa. Duk abin da ya tsiro daga jini ko ruwan ƙashin baya, da duk ƙwayar da ta bijire wa meropenem, ba a jira ɗan aike ya zo ɗaukar takarda, waya ake bugawa ɗakin da majiyyacin yake kwance, a rubuta sunan wanda ya amsa da lokacin. Ƙwayar da ta nuna baƙon hali a adana ta don a tura babban ɗakin gwaji ya tabbatar. Sauran farantan kuma, waɗanda yanzu kowannensu ke ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi, wasu an san ba sa jin magani, su shiga tukunyar tururi a digiri 121 na rabin awa ko fiye kafin su ga kwandon shara.